Amsoshin Tambayoyinku: Daga Harshen Wutar Gas Zuwa Ruwan Gishiri da Sukari

Jama'a masu karatu, assalamu alaikum. Tambayoyi biyar muka ɗauko a wannan fitowa, biyu a kan haske da ƙwayar zarra, uku kuma a kan abin da ke faruwa idan abu ya narke cikin ruwa. Da gangan muka haɗa su wuri ɗaya, domin a makaranta akan raba su tsakanin malamin fiziks da malamin kimiyyar sinadarai, har ɗalibi ya zaci babu abin da ya haɗa su, alhali amsar tambayoyin ƙarshe ba ta cika sai an fahimci na farko.

TAMBAYA: Malam, da gas nake girki, wutar kuma shuɗiya ce, amma duk sanda miya ta tafaso ta zuba a kan murhun, sai harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa na ɗan lokaci. Gas ɗin ne ba shi da kyau? Daga wata uwargida, Sakkwato.

AMSA: Uwargida, gas ɗinki lafiyarsa ƙalau, gishirin miyarki ne ya nuna kansa. Gishirin girki haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin, kuma idan ɗigon miya ya faɗa cikin wuta, ruwan yakan ƙone nan take, zafin kuma ya saki ƙwayoyin zarrar sodiyam su tashi cikin harshen wutar. Kowace ƙwayar sodiyam tana da ilektiron 11, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kewaye da cibiyarta, biyu a ciki kusa da cibiya, takwas a bayansu, ɗaya kuma shi kaɗai a waje. Wannan na wajen shi zafi ke ɗagawa zuwa matakin kuzari na sama, kuma ba ya daɗewa a can, sai ya faɗo matakinsa na asali, ya saki rarar kuzarin a matsayin haske. Tazarar da ke tsakanin matakan nan biyu ƙayyadaddiya ce, iri ɗaya a kowace ƙwayar sodiyam da ke duniya, shi ya sa hasken da ke fitowa launi ɗaya ne kullum, mai tsawon zango nanomita 589, wanda ido ke gani ruwan ɗorawa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Fitilun titi na da, masu haske ja-ja ruwan ɗorawa, da tururin sodiyam suke aiki, launin kuma shi ne wannan da kike gani a ƙarƙashin tukunyarki.

Kowane sinadari yana da nasa launin. Tagulla tana ba da kore mai ratsin shuɗi, wanda duk wanda ya taɓa ganin ana ƙona tsohuwar wayar lantarki ya sani, siturontiyam kuma ja, shi ake sa wa a wasan wuta. A shekarar 1859, a birnin Heidelberg na Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka haɗa na'urar da ke ratsa hasken wuta ta cikin gilashi mai kusurwa uku, suka ga cewa kowane sinadari yana fitar da siraran layukan launi nasa na kansa. Da wannan dabara suka gano siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861. A 1868 aka hangi wani layi ruwan ɗorawa cikin hasken rana, dab da na sodiyam amma ba shi ba, kuma ta haka aka san da iskar hiliyam a rana shekara 27 kafin William Ramsay ya same ta a doron ƙasa a 1895.

An daɗe ana amfani da layukan nan ba tare da an san dalilinsu ba. A 1885 wani malamin makaranta a Suwizalan, Johann Balmer, ya samo lissafin da ya dace da layuka huɗu na haidirojin, masu nanomita 656 da 486 da 434 da 410, amma bai iya faɗin abin da ya sa lissafin ya dace ba. Sai a 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya ce ilektiron ba ya iya ɗaukar kowane adadin kuzari da ya ga dama a cikin ƙwayar zarra, matakai ne ƙididdigaggu, kuma tsakaninsu babu wurin tsayawa. Da wannan zato ya fito da lissafin Balmer daidai. Zato ne mai ƙarfin hali, domin shi kansa Bohr bai kawo hujjar da ta hana ilektiron tsayawa a tsakani ba. Ya dai nuna cewa idan aka yarda da hakan, lissafi yana fita.

Hujjar ta zo daga Louis de Broglie na Faransa a 1924, wanda ya ce ilektiron yana da ɗabi'ar igiya mai kaɗawa, sannan Erwin Schrödinger ya rubuta lissafin wannan kaɗawa a 1926. Ki dubi tsirkiyar gurmi: da yake an ɗaure ta sama da ƙasa, ba kowace irin kaɗawa take iya yi ba, sai wadda tsawonta ya shiga tsakanin maɗaurin biyu cif, shi ya sa take fitar da amo ƙayyadadde, kuma idan makaɗi ya danne ta da yatsa ya rage tsawonta, amon ya canza. Ilektiron ma cibiyar zarra ta tsare shi a ɗan ƙanƙanin wuri, don haka wasu siffofin kaɗawa ne kawai suke yiwuwa gare shi, kuma kowace siffa da nata adadin kuzari. Matakan Bohr ke nan. Cibiyar kowane sinadari da ƙarfin jan da take yi, saboda haka matakan sodiyam daban da na tagulla, launinsu ma daban.

Amma akwai abin da ya kamata ki lura da shi. Idan wutar ta zama ruwan ɗorawa dindindin ba tare da wani abu ya zuba ba, tana kuma baƙanta gindin tukunya, to wannan ba gishiri ba ne. Alama ce ta cewa iska ba ta isar wutar, gas ba ya ƙonewa duka, kuma irin wannan wuta tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi amma tana kisa a rufaffen ɗaki. A wanke kan murhun, a buɗe ramukansa, a bar taga a buɗe, in bai gyaru ba a kira mai gyara.

TAMBAYA: Malam, malaminmu ya ce haske igiya ne kuma ƙwaya ne, ilektiron ma haka. Ta yaya abu ɗaya zai zama biyu? Kuma hoton da ke cikin littafinmu, na ilektiron yana kewaya cibiya a kan zobe, gaskiya ne? Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare, Zariya.

AMSA: Ɗana, malaminku ya faɗi daidai, kuma ruɗanin da ka shiga manyan masana ma sun shige shi. A ƙarshen ƙarni na 19 kusan kowa ya gamsu cewa haske igiya ne, domin gwaje-gwaje sun nuna haske biyu na iya haɗuwa su ƙarfafa juna ko su kashe juna, abin da igiya kaɗai ke yi. Matsalar ta ɓullo ne daga ƙarfe mai zafi. Maƙeri ya san cewa ƙarfe yakan fara da ja, ya koma ruwan ɗorawa, sannan fari, gwargwadon zafinsa, amma lissafin wancan zamani ya kasa fitar da yadda hasken ke rarrabuwa tsakanin launuka. A watan Disamba na 1900, a birnin Balin, Max Planck ya nuna cewa lissafin yana daidaita idan aka ɗauka kuzarin yana fita ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kuma girmansa ya dogara ga yawan kaɗawar hasken a daƙiƙa. Ƙunshin nan shi ake kira kwantam, daga nan fannin ya samo suna.

Planck ya ɗauki abin a matsayin dabarar lissafi. Albert Einstein ne a 1905 ya ce hasken da kansa ƙwayoyi ne, waɗanda yanzu ake kira foton, ya kuma kafa hujja da wani abin mamaki da aka riga aka gani. Idan aka haska farantin zink da jan haske, komai ƙarfinsa, ilektiron ko ɗaya ba ya fita, amma ɗan raunanan hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, yana fitar da su nan take. Dalili shi ne foton ɗaya da ilektiron ɗaya suke hulɗa. Fizge ilektiron daga zink na buƙatar kimanin ilektiron-bolt 4.3 (ma'aunin ɗan ƙanƙanin kuzari ne), foton na jan haske kuwa bai kai 2 ba, kuma ƙara yawansu ba ya ƙara ƙarfin kowane ɗaya. Saboda wannan bayani aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921, ba saboda ka'idar da ya fi shahara da ita ba. Farantin sola da ke kan rufin gidaje a yau da irin wannan ƙa'ida yake aiki, sai dai ilektiron ɗin ba ya barin farantin, yana samun 'yancin tafiya ne a cikinsa. Silikon, sinadarin da ake yin farantin da shi, yana buƙatar foton mai ilektiron-bolt 1.1 ko fiye. Wanda bai kai ba ya wuce a banza, wanda ya zarce kuma rararsa ta zama zafi, kuma wannan na cikin manyan dalilan da suka sa farantin kasuwa ke mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar kacal na hasken rana zuwa lantarki.

Game da ilektiron, J. J. Thomson ya gano shi a 1897 a matsayin ƙwaya, ɗansa G. P. Thomson kuma yana cikin waɗanda suka nuna a 1927 cewa yana yin ɗabi'ar igiya, tare da Davisson da Germer a Amurka. Uba ya karɓi Nobel a 1906, ɗa ya karɓa a 1937, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Abin da za ka riƙe shi ne, ilektiron yana yaɗuwa kamar igiya a yayin tafiyarsa, amma duk lokacin da aka kama shi, a wuri ɗaya ake samunsa kuma cikakke, ba a taɓa samun rabinsa ba. Max Born ya bayyana a 1926 cewa igiyar Schrödinger tana faɗin yiwuwar samun ilektiron ne a kowane wuri. Abu ɗaya ne, mu ne ba mu taɓa ganin irinsa da ido ba.

Hoton littafinku kuwa, ka yi amfani da shi wajen ƙidaya ilektiron da cin jarrabawa, amma kada ka ɗauke shi hoton gaskiya. Bayan Rutherford ya gano cibiyar zarra a Manchesta a 1911, an lissafa cewa da ilektiron yana kewayawa a kan zobe bisa tsohuwar ka'ida, da ya zubar da kuzarinsa ya faɗa cikin cibiya cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. A 1927 Werner Heisenberg ya nuna cewa ba ya yiwuwa ilektiron ya kasance da tabbataccen wuri da tabbataccen gudu a lokaci ɗaya, kuma ba gazawar na'ura ba ce. Zobe kuwa yana nufin an san duka biyun. A ganina masu rubuta littattafan sakandare suna da uzurin fara koyarwa da zoben, amma ba su da uzurin barin ɗalibi ya gama makaranta ba a gaya masa cewa an bar wannan hoto tun kusan shekara ɗari da suka wuce ba.

TAMBAYA: Malam, me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a man gyaɗa ko kalanzir? Kuma na lura ruwan zafi yana cin sukari fiye da na sanyi, shin gishiri ma haka ne? Daga wani mai shayi, Maraɗi.

AMSA: Malam, lurarka daidai ce, kuma amsar tana komawa ga matakan ilektiron da muka ambata. Wolfgang Pauli ya gano a 1925 cewa kowace siffar kaɗawa ilektiron biyu kawai take ɗauka, shi ya sa suke cika matakai bi da bi. Sodiyam yana da guda ɗaya a waje wanda riƙonsa ba shi da ƙarfi, kulorin kuma yana da gurbi ɗaya da bai cika ba, don haka idan suka haɗu ilektiron ɗin yakan koma wajen kulorin. Sodiyam ya zama mai cajin fozitif, kulorin mai negatif, kuma irin waɗannan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon. Jan da suke yi wa juna yana da ƙarfi ƙwarai, har wuta ba ta mayar da gishiri ruwa sai zafi ya kai digiri 801. Amma ga shi ruwan randa yana wargaza shi cikin minti ɗaya.

Sirrin yana cikin ƙirar ruwa. Molekul ɗin ruwa oksijin ɗaya ne da haidirojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke da kusurwar digiri 104.5, saboda oksijin yana da wasu ilektiron huɗu da ba su shiga haɗin ba, suna tura haidirojin gefe ɗaya. Oksijin kuma ya fi jan ilektiron, don haka ɓangarensa yana ɗan negatif, ɓangaren haidirojin yana ɗan fozitif. Idan ƙwayar gishiri ta shiga ruwa, molekul-molekul suna yi mata rubdugu, masu juya oksijin ga sodiyam, masu juya haidirojin ga kulorin, suna ɓamɓare ayon ɗaya bayan ɗaya daga gefuna, kowanne su kewaye shi su tafi da shi. A cikin ruwa jan da ke tsakanin ayon biyu yana raguwa kusan ninki 80, a kalanzir kuwa kusan ninki 2 kawai, domin molekul ɗin mai ba shi da ɓangarori masu caji da zai riƙe ayon da su. Shi ya sa gishiri ke kwanciya a gindin kaskon suya yadda aka zuba shi.

Svante Arrhenius na Suwidin ne ya kawo wannan ra'ayi na rabuwar gishiri zuwa ayon. Kundin digirinsa na 1884 a Uppsala bai samu maki mai kyau ba, masana da yawa kuma suka ƙi ra'ayin, suna cewa sodiyam ƙarfe ne da ke kamawa da wuta a ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, yaya za su sha yawo a cikin kofi a sha lafiya? Ba su san cewa ilektiron ɗaya da ya fita ko ya shiga yana sauya halin ƙwaya gaba ɗaya ba. An ba shi Nobel a 1903. Sukari kuwa ba ya rabuwa zuwa ayon, molekul ɗinsa yana tafiya a dunƙule, ruwa yana kama shi ta wurare takwas masu oksijin da haidirojin, kuma wannan ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar lantarki, ruwan sukari ba ya ɗauka.

Batun zafi kuwa, giram 100 na ruwa a digiri 20 yana cin kimanin giram 200 na sukari, idan ya tafasa kuma ya ci fiye da 480. Gishiri daga giram 36 zuwa 39 kawai yake tashi. Zafi yana hanzarta narkewarsa, amma bai ƙara yawan abin da ruwan zai ɗauka da wani abin kirki ba, domin kuzarin da ake kashewa wajen raba ayon ɗin kusan daidai yake da wanda ake samu idan ruwa ya kewaye su. Saboda haka mai son fitar da sukari daga ruwa yana iya dafawa ya bari ya huce, mai son gishiri kuwa dole ya jira ruwan ya ƙafe. Abin da mutanen Bilma ke yi ke nan a ƙasarku: ruwan gishiri yana taruwa a ramuka, rana tana shanye shi har ya ƙoshi ya kasa riƙe abin da ke cikinsa, gishirin ya daskare, a kwashe beza, a zuba sauran a yi kantu, ayarin raƙuma ya ratsa Tenere da shi.

TAMBAYA: Malam, idan yaro yana gudawa aka ba mu ƙunshin gishiri da sukari a asibiti, sai a ce lallai a zuba a lita ɗaya. In na rage ruwan don ya fi ƙarfi, akwai laifi? Daga wata mahaifiya, Damaturu.

AMSA: Akwai laifi babba, 'yar'uwa, kada ki rage ko kaɗan. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana da giram 2.6 na gishiri, da 13.5 na gulukos (wani nau'in sukari), da 1.5 na fotasiyam kuloraid, da 2.9 na sitiret, duka a lita ɗaya. Jiki ba nauyi yake dubawa ba, yawan ƙwayoyi yake dubawa, shi ya sa masana ke auna su da mol, wanda adadi ne na ƙwayoyi, kusan 6 da sifili 23 a bayansa. Mol ɗaya na gishiri giram 58.4 ne, na gulukos 180. Idan aka yi lissafin, haɗin yana ba da milimol 75 na sodiyam da 75 na gulukos (milimol kashi ɗaya ne cikin dubu na mol), kuma an daidaita su ne saboda bangon hanji yana da ƙofar da ke shigar da sodiyam da gulukos tare, ruwa kuma ya bi su, ƙofar da ke ci gaba da aiki ko a cutar kwalara. Likita Dilip Mahalanabis ya gwada wannan a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash a 1971, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Jimillar ƙwayoyin da ke narke a haɗin milimol 245 ce a kowace lita, ta jini kuwa wajen 290. Ruwa yakan ratsa bango daga inda ya fi tsinkewa zuwa inda ya fi kauri, don haka haɗin da aka yi daidai yana tafiya daga hanji zuwa jini. Idan kika zuba rabin ruwan, 245 ta zama 490, ta fi jini kauri, sai ruwan jikin yaron ya riƙa fitowa zuwa hanji, gudawar ta ƙaru, sodiyam kuma ya yi masa yawa a jini. Ki karanta jikin takardar, domin wasu ƙunsoshin na rabin lita ne. Ledar fiya wata da aka saba da ita rabin lita ce, biyu ke nan ga ƙunshin lita ɗaya. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo, idan kuma yaron ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a koma asibiti ba tare da jira ba.

TAMBAYA: Malam, gaskiya ne gishiri yana sa ruwa saurin tafasa? Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Ba gaskiya ba ne, akasin haka ma yake yi, ko da yake kaɗan ne. Gishiri ko sukari da ya narke a ruwa yana rage saurin da molekul ɗin ruwa ke tserewa zuwa tururi, don haka sai an ƙara zafi kafin ya tafasa. Kowane mol na narkakkun ƙwayoyi a kilo ɗaya na ruwa yana ɗaga zafin tafasa da kusan rabin digiri, kuma da yake gishiri yana rabuwa gida biyu, giram 58 a lita ɗaya zai ɗaga shi da kimanin digiri 1. Wannan gishiri ya fi na teku yawa, domin ruwan teku giram 35 yake da shi a kilo, kuma ba a saba dafa abinci da gishiri mai yawa haka ba. Ɗan abin da ake barbaɗawa a tukunyar shinkafa ba zai sauya lokacin girki ba. Kumfar da ke tasowa idan aka zuba gishiri a ruwan da ya kusa tafasa, wadda ita ke yaudarar mutane, tana fitowa ne saboda ƙwayoyin gishirin sun ba tururi da narkakkiyar iska wurin taruwa, kuma da zarar sun narke take lafawa.